Hoton kakanmu da jirgin yaƙi a Kenya: ta ina zan fara bin sawun jirgin?

ɗan_Aboabo

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni a kan wani hoto da ke cikin akwatin marigayi kakanmu a nan Aboabo. Tsohon soja ne na Gold Coast Regiment, yana cikin waɗanda aka kai yaƙin Habasha. Hoton ƙarami ne, baƙi da fari, gefensa ya fara ja. Sojoji biyar ne a tsaye da gajeren wando da hula mai faɗin baki, a bayansu kuma ga jirgin sama irin na da, mai fikafikai hawa biyu, sama da ƙasa, da wayoyi a tsakaninsu. Hancinsa tsini ne, farfelarsa mai kunne biyu ce, da alama ta katako. A jikinsa wajen wutsiya ana ganin 20, sai dai kafaɗar wani soja ta tare gefen dama na lambar, inuwa kuma ta rufe gefen hagu. A bayan hoton an rubuta Kenya da ajami, da fensir, sannan 1940 da lambobin boko.

Ina so in san wane irin jirgi ne, na wace runduna, daga ina ya fito, kuma ina ya ƙare. Ina da niyyar zuwa gidan tarihin soja da ke Adum, amma gara in san abin da zan tambaya tukuna. Wa ke ajiye takardun irin waɗannan jirage, kuma mutum yana zaune a Kumasi zai iya kai wa gare su?

Baba_kanike_Tafo

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan kakanka, Ya sa ya huta. Kada ka rubuta wa kowa wasiƙa sai ka tabbatar da irin jirgin, domin ma'anar 20 ɗin nan a kansa ta rataya.

Hanci mai tsini alamar injin da ruwa ke sanyayawa ne. Da wannan kaɗai mun fitar da Gloster Gladiator da Gauntlet, don su injinsu Bristol Mercury ne mai silinda tara a zagaye, hancinsu faffaɗa ne. Mun fitar da Fiat CR.42 na Italiyawa shi ma. Saura Fiat CR.32, wanda sojojinmu suka sha tararwa a filayen da Italiyawa suka gudu suka bari. Shi da sauƙin ganewa: sandunan da ke riƙe fikafikansa a karkace suke, suna yin siffar W, kuma lagiretonsa yana can gaba a ƙarƙashin hanci. In sandunan naka suna yin siffar N, jera ɗaya a kowane gefe, to jirgin kamfanin Hawker ne mai injin Rolls-Royce Kestrel, silinda 12, aikin Sydney Camm.

A nan ne mutane ke tuntuɓe, domin jiragen Hawker na wancan zamani kama gare su sosai. A Kenya a 1940 akwai Fury, mai wurin zama ɗaya, wanda shi ne na kai hari a sama. Akwai Hartbees na Afirka ta Kudu mai wurin zama biyu. Akwai kuma Audax da Hardy na sikwadiron (wato rukunin jiragen yaƙi) ta 237 ta mutanen Rodeshiya, wadda ta koma Sudan wajen Satumba na shekarar. Duba abubuwa huɗu. Ramin zama nawa ne a bayan fiffike? In biyu ne, kuma na bayan yana da zoben ƙarfe na ɗora bindiga, ba Fury ba ne. Lagireto fa? Na Fury akwati ne kafaffe a ƙarƙashin ciki, tsakanin ƙafafun taya, na dangin Hart kuwa, wato su Hartbees, Audax da Hardy, ana zuro shi ana mayarwa daga ƙasan gaba. Sai bindigogi: Fury yana da Vickers biyu a saman murfin injin, za ka ga kwarori biyu sun miƙe zuwa wajen farfela. Audax kuma yana da dogon bututun hayaƙi da ya bi gefen jiki, da ƙugiya a ƙarƙashi ta ɗaukar saƙo daga ƙasa. Girma ma yana taimakawa tunda akwai mutane a tsaye kusa: faɗin fikafikan Fury ƙafa 30 ne, na Hart ya haura ƙafa 37.

In Fury ne, ga asalinsa a taƙaice. Ya shiga aiki a rundunar sama ta Ingila a Mayun 1931 da sikwadiron ta 43 a Tangmere, sannan ta 25 da ta 1. Samfurin farko yana da Kestrel IIS mai ƙarfin doki 525, yana gudun mil 207 a awa, shi ne jirgin faɗa na farko da ya wuce mil 200 a hannun sikwadiron ɗinsu. Samfuri na biyu ya zo a 1936 da Kestrel VI mai ƙarfin doki 640, mil 223, da murfi a kan tayoyi. Kada ka dogara da murfin nan wajen bambancewa. Kanikawa kan cire shi a filin da ke da laka ko ciyawa, don yana tara datti ya riƙe taya.

Yanzu lamba. Jirgin rundunar Ingila na shekarun 1930 yana ɗauke da harafi ɗaya da lambobi huɗu, K ko L ko N a gaba, tsayin inci 8 a jikin jirgi wajen wutsiya. Rundunar Afirka ta Kudu kuwa lambobi zalla take sawa. Tunda ba ka ambaci harafi ba, zuciyata ta fi karkata ga Afirka ta Kudu. Sun sayi Fury bakwai sababbi daga Hawker a tsakiyar shekarun 1930, lambobinsu 200 zuwa 206. Da yaƙi ya tashi aka ƙaro musu fiye da ashirin daga tsofaffin na Ingila, aka shafe lambar K aka ba su lambobin da suka biyo bayan 206. Hanya ta rabu biyu ke nan. In lambarka tsakanin 200 da 206 take, jirgin bai taɓa aiki a Ingila ba, duk tarihinsa yana ma'ajiyar takardun sojan Afirka ta Kudu a Pretoria. In 207 ce, ko 208, ko 209, to yana da wata rayuwa ta farko da wata lamba daban, sai an haɗa biyun.

Abin da za ka riƙe gam shi ne lambar rajistar nan. Fenti, zane, harafi guda babba da akan sa a gefe, duk ana canja su in jirgi ya canja hannu, kamar rubutun goshin trotro a Kejetia da ke sauyawa da sabon mai shi alhali lambar shasi tana nan.

ɗan_Aboabo

Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma. Na sake dubawa a hasken rana. Sandunan N ne. Akwai wani akwati baƙi a ƙarƙashin ciki tsakanin tayoyi, tayoyin kuma babu murfi. Ramin zama ɗaya nake gani, amma kan sojan da ya fi tsawo ya tare wurin da na biyu zai kasance in akwai shi. Harafi dai babu. Can nesa akwai gajerun itatuwan ƙaya, ƙasa kuma fari fat.

Hajiya_ma'ajiya

Sannu da ƙoƙari, ɗana. Alhaji Baba kanike ya gama maka batun ƙarfe, bari in ɗauki na takarda. Zan fara da ɓangaren Ingila ko da yake daga Pretoria za ka fara tambaya, saboda a can ne aka fi yin kuskuren karatu.

Duk jirgin da rundunar sama ta Ingila ta karɓa akan buɗe masa kati, Fom 78. Katunan suna gidan tarihin rundunar a Hendon, arewacin Landan, sashen bincikensu yana amsa tambaya ta wasiƙar intanet in ka ba su lambar jirgi cikakkiya. A kan katin akwai lambar kwangila, irin injin, sannan layi-layi na wuraren da aka tura shi da kwanan wata. Da hannu aka cike shi, da gajerun haruffa. TOC na nufin an shigar da shi lissafi, SOC an cire shi daga lissafi. MU rumbun ajiya da gyara ne, FTS makarantar koyon tuƙi, FA haɗari ne ba a fagen fama ba, FB kuma a fagen fama. Matakin lalacewa a 1940 akan rubuta shi da W in jirgi ya tashi aiki, daga 1941 suka koma tsarin A zuwa E, E ce ta ƙarshe. In ka ga lamba da M a ƙarshenta, an mayar da jirgin abin koyar da kanikawa a ƙasa, ba ya tashi kuma.

Abu biyu ne ke ruɗar masu karanta katin. Na farko, kwanan watan da ke kai na ofis ne, ranar da akawu ya rubuta umarnin tura jirgin. Jirgin kansa yana iya isa bayan mako ɗaya ko fiye, wani lokaci ma a soke umarnin kati bai nuna ba. Na biyu ya fi muni: da zarar jirgi ya bar Ingila, katin ya kusa yin shiru. Za ka ga an tura shi 47 MU a Sealand, inda ake kwance jirage a sa su cikin akwatunan katako, wataƙila ka ga sunan jirgin ruwa da ranar tashi, sai kalma ɗaya ta ƙasar da aka nufa. Daga nan babu sikwadiron, babu fili, babu komai. Kwanan SOC na jiragen ƙetare ma sau da yawa ranar ƙidaya ce, inda aka share jirage da dama rana guda bayan sun daɗe da mutuwa. Kada ka taɓa rubuta cewa jirgi ya faɗi ranar SOC ɗinsa.

Kati na biyu a Hendon shi ne Fom 1180, na haɗari. Ba a jera shi da lambar jirgi ba, da irin jirgi da kwanan wata aka jera shi, don haka sai ka samo ranar daga wani wuri tukuna. Amfaninsa babba ne: sunan matuƙi, awoyin da ya yi a sama, lambar injin, wurin da abin ya faru da abin da aka ɗora wa laifi. Lambar injin tana raba gardama in jirage biyu masu lamba makusanciya sun rikice maka. Amma injin ba ya zama a jirgi ɗaya har abada, ana sauke shi a ɗora wani in awoyinsa sun cika, saboda haka shaida ce ta rana guda kawai. Fom 700, littafin da kanikawa ke sa hannu kullum, shi ne da zai faɗi komai, amma kusan duka an zubar da su tare da jiragen.

Daga nan sai ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila a Kew, cikin Landan. Jerin AIR 27 kundin ayyukan sikwadiron ne, an sa shi a intanet, kana iya sauke shi wata-wata daga wayarka ko kwamfuta. Fom biyu ne a ciki. Fom 540 taƙaitaccen labarin wata ne, Fom 541 kuma jerin tashi ne ɗaya bayan ɗaya, da lambar jirgi da matuƙi da lokacin tashi da sauka. Kada ka sa rai da yawa ga shekarun kafin yaƙi. Kundin 1935 ko 1937 wani lokaci shafi ɗaya ne ya ɗauki watanni, yana maganar hafsan da ya zo da wanda ya tafi da fareti a Hendon, ba ya ambaton lambar jirgi sai ranar karɓa ko ranar haɗari. Fury ya bar sahun gaba zuwa farkon 1939, aka watsa shi makarantun tuƙi da rumbuna, waɗannan kuma kundinsu yana AIR 29, na filayen jirage yana AIR 28. Littattafan tuƙi na matuƙa su ne ke cike giɓin, sai dai mafi yawan waɗanda ba a zo an karɓa ba an lalata su a 1960, kaɗan ne suka tsira a AIR 4, sauran suna hannun iyalai da gidajen tarihi.

Kafin ka wahalar da kanka da duk wannan, ka sani ƙungiyar masu binciken tarihin jirage ta Air-Britain ta riga ta buga rajistar lambobin K gaba ɗaya, kowane jirgi da layi ɗaya ko biyu na tarihinsa. Da ita za ka fara, ka tsamo duk Fury da aka rubuta an miƙa wa Afirka ta Kudu a 1940. Ka ɗauke ta manuniya, ka kuma tabbatar da kowane layi da takardar asali, domin su ma daga katunan nan suka kwafo, kuskuren akawun 1940 yana nan cikin bugun.

Ɓangaren Afirka ta Kudu kuwa yana ma'ajiyar takardun ma'aikatar tsaronsu a yankin Pretoria. A can ne kundin yaƙi na sikwadiron, rahotannin haɗari da takardun karɓar jirage suke, kuma a can ne kaɗai za ka sami layin da ya ce lamba kaza ta K ita ce ta zama 208 ko 209. Akwai kwafin kundin sikwadiron ɗinsu a Kew, jerin AIR 54. Abin da za ka nema shi ne sikwadiron ta 1 daga tsakiyar 1940, lokacin da aka kai Fury shida Mombasa ta jirgin ruwa, da sikwadiron ta 2 wadda aka tsage daga cikinta a Kenya, ta tsaya da ƙafarta a Oktoban 1940. Ka lura muƙaman hafsoshinsu irin na sojan ƙasa ne, laftanal, kyaftin, manjo. In ka ga haka a takarda ka san ta Afirka ta Kudu ce.

Malam_Yalwa

Ƙanena, ni ban yarda a rufe batun Hartbees da wuri haka ba. Ka ce inuwa ta rufe gefen hagu, kan mutum kuma ya tare bayan ramin zama. Hartbees lambobinsu na ɗari takwas ne, daga 801 zuwa sama, ɗaya daga cikinsu mai lamba 851 yana gidan tarihin soja a Johannesburg har yau. Me zai hana abin da kake gani ya zama 820, takwas ɗin tana cikin inuwa? Kuma in maganar wanda sojan ƙasa ya fi gani kusa ake yi, Hartbees ne. Aikinsa ke nan: leƙen asiri, jefa saƙo, jefa ƙananan bama-bamai a gaban sojojin ƙasa. Sikwadiron ta 40 da ta 41 da shi suka yi yaƙin. Akwatin da ka gani tsakanin tayoyi ya fi kama da Fury, na yarda da Alhaji a nan, amma ido a kan ɗan ƙaramin hoto ba hujja ba ne.

Don haka ka gyara hoton tukuna. Kada ka bari a yi masa laminashin, zafi da gam suna kashe shi kuma ba a warwarewa. In ya manne da gilashi ko da wata takarda saboda danshin damina, kada ka ɓamɓare, a yi sikaninsa a haka. Ka nemi madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya, mai ninki goma, ka duba lambar a hasken taga. Irin waɗannan ƙananan hotuna galibi an wanke su ne kai tsaye daga fim ba tare da an ƙara girma ba, suna riƙe da bayani fiye da yadda ido ke gani. Sannan ka kai shi shagon da ke da sikana mai gilashi, ka ce a sa 1200 dpi ga hoton duka, 2400 ga wajen lamba, a kashe duk wani gyaran kai-tsaye, a ajiye shi a TIFF. A yi bayansa ma. In za ka turo mana ta WhatsApp ka turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba za ta matse shi lambar ta narke. Manhajojin nan masu ƙara wa hoto kyau kuwa ka nisance su. Inda suka ga duhu sai su ƙirƙiro lamba mai tsabta wadda ba ta taɓa kasancewa a jikin jirgin ba. Abin da ya halatta kawai shi ne ka ɗaga hasken wurin inuwa a hankali ka ga ko gefen takwas zai fito. Akwai dabara guda kuma: auna faɗin 2 da 0, ka auna tazarar da ke tsakanin lambar da zagayen tambari ko wutsiya. Mai fenti yana barin wuri daidai, za ka ga a wane gefe lamba ta uku take da masauki.

Launin tsakiyar tambarin ba zai taimake ka ba. Na Afirka ta Kudu ruwan lemo ne, na Ingila ja, amma a fim ɗin wancan lokaci dukansu duhu suke fitowa.

Sai hanyar da babu wanda ya ambata, kuma ita ce ta fi kusa da kai: bi ta kakanka. Nemo littafin sallamarsa daga soja, akwai lambarsa mai GC a gaba da bataliyarsa. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 ta Gold Coast Regiment su ne suka haɗu a birged ɗin da ta isa Kenya a tsakiyar 1940, wadda aka sa wa suna ta 24 a Oktoba, ƙarƙashin Birgediya Richards. Ita ce ta buga sansanin Italiyawa na El Wak ranar 16 ga Disamba 1940 tare da birged ta 1 ta Afirka ta Kudu, ta ƙetare kogin Juba a Fabrairun 1941, ta yi artabun Wadara a kudancin Habasha. Kundin yaƙinsu na kullum yana Kew a jerin WO 169, kowace rana da sunan wurin da bataliya ta kwana. Ka jera wannan a gefe ɗaya, ka jera wuraren da aka ajiye Fury biyu-biyu ko uku-uku a ɗaya gefen, irin su Wajir, Garissa, Nanyuki da Mombasa. Inda biyun suka haɗu a mako ɗaya, nan aka ɗauki hoton, kuma jiragen da ke wurin a makon ba za su wuce 'yan kaɗan ba. Itatuwan ƙaya da farar ƙasa sun fitar da Mombasa, inda za ka ga kwakwa, sun kuma sa Nanyuki ta yi nisa, don can tudu ne mai ciyawa a gindin Dutsen Kenya. Arewa maso gabas nake zato, kuma a Wajir ne Fury ya harbo Caproni, jirgin Italiyawa mai jefa bam, a Agustan 1940, wato sun zauna can. In za ka je gidan tarihin soja na Adum, hotunan yaƙin Gabashin Afirka za ka roƙa a nuna maka, ko za a dace da wani da aka ɗauka a fili ɗaya daga wata kusurwa.

Baba_kanike_Tafo

Malam ya yi gaskiya, a bar ƙofar 820 a buɗe har sai sikanin ya fito. Abin da zai yanke hukunci ko da kan sojan ya tare rami na biyu shi ne nisan da ke tsakanin bayan fiffike da wutsiya, da kuma kwarorin bindiga biyu a saman hanci. In sun bayyana, Fury ne, babu ja.

Bari in ba ka misalin yadda sarƙar take in ta haɗu, da jirgin da aka san tarihinsa. K5674 Fury ne samfurin farko, ya yi aiki da sikwadiron ta 43 a Tangmere, mai zanen dara baƙi da fari a fiffike da gefen jiki. Frederick Rosier, wanda daga baya ya zama babban hafsa, ya tuƙa shi, littafin tuƙinsa ne ya cike shekarun da kundin sikwadiron ya yi shiru a kansu. A 1939 aka kai shi rumbu, a 1940 aka naɗe shi zuwa Afirka ta Kudu, ya zama 215, aka ba sikwadiron ta 13 a Swartkop. Ranar 31 ga Maris 1941 mai ya ƙare masa, ya yi saukar dole kusa da Pitsani, ya lalace. Bayan shekaru da dama aka samo ragowarsa, aka mayar da shi Ingila, aka sake gina shi, ya tashi a 2012. Ka ga tushe huɗu daban suka ba da wannan: katin Hendon ya ba da farko, littafin matuƙi ya ba da tsakiya, takardun Pretoria suka ba da sabuwar lamba da haɗarin, ƙarfen kansa ya tabbatar. Ka kuma ga cewa zuwa Afirka ta Kudu ba ya nufin zuwa Kenya, wannan bai taɓa leƙa fagen yaƙin ba. Saboda haka a jerin da Hajiya ta ce ka tsamo, da yawa za su faɗi.

Akwai tarko biyu da suka shafi kanikanci. A zamanin kafin yaƙi akan rubuta lamba a jikin jirgi da kuma a kan ɓangaren wutsiya mai juyawa, shi kuwa wannan ƙusoshi kaɗan ke riƙe da shi. A filin daji inda babu kayan gyara, in na wani jirgi ya yage sai a kwanto na wanda ya mutu a ɗaura. In lambar wutsiya ta saɓa da ta jiki, ta jiki za ka bi. Haka fikafikai, su ma ana musanyawa. Na biyu, in wata rana wani ya nuna maka guntun farantin ƙarfe mai 41H a gaba ya ce lambar jirgin ce, wannan alamar kamfanin Hawker ce a kan kayan da ya ƙera, lambar da ke biye ta wannan gunki ce kaɗai. Kuma ba duk Fury ne ya fito daga Hawker ba, kaso mai yawa na samfuri na biyu kamfanin General Aircraft ne ya haɗa su a Hanworth.

Ka sayi littafi mai layi, ka ja gida huɗu: kwanan wata, abin da ya faru, takardar da ta faɗa da lambar shafinta, sai gida na ƙarshe ka rubuta ko ka gani da idonka ko kwafowa ka yi daga wani. Duk abin da tushe ɗaya ne kawai ya faɗa, rubuta shi da fensir.

Wasiƙarka ta Pretoria ka yi ta gajera, da Turanci. Ka haɗa sikanin gaba da baya, ka faɗi bataliyar kakanka da watannin da kundin WO 169 ya nuna suna kusa da filin jirgi, sannan ka roƙi abu uku takamaimai: jerin Fury masu lamba 200 zuwa 209 da ranar da aka tura kowanne Gabashin Afirka, lambar K ta waɗanda suka fito daga Ingila, da wurin da Hartbees 820 yake a waɗannan watanni. Ma'aikacin ma'ajiya yana iya amsa tambaya mai lamba da wata cikin awa guda, amma in ka ce a ba ka tarihin jirgin da ke hoto, fayil ɗin zai daɗe a kan tebur. Hendon kuwa ka dakata musu har sai lambar K ta shigo hannunka, don ba sa iya nemo kati da 208.